Yadda ake ziyartar haikalin Edfu daga jirgin ruwan Kogin Nilu

Jiragen yawon buɗe ido da ke kai da komo a Kogin Nilu tsakanin Luksor da Aswan kusan tsari ɗaya suke bi. Wanda ya tashi daga Luksor ya nufi kudu yakan kwana huɗu a ruwa, wanda ya taso daga Aswan ya gangaro arewa kwana uku, domin kogin daga kudu yake kwararowa. A hanya ana tsayawa a garuruwa biyu, Edfu da Kom Ombo, a sauka a ga haikali, wato gidan bautar mutanen Masar na da.

Na sha raka baƙi a wannan hanya, kuma abin da na lura da shi shi ne, haikalin Edfu ya fi kusan duk sauran tsira daga rushewa, amma shi ne mutane suka fi fitowa daga cikinsa ba su ga abin kirki ba. Lokaci ne matsalar. Abin da jirgi yake ba ka bai cika wuce awa biyu da 'yan mintuna ba, har da zuwa da dawowa, kuma jirage da yawa kan juye mutanensu a lokaci guda. Duk abin da zan faɗa a ƙasa dabarar tattalin wannan ɗan lokaci ne.

Wanda zuciyarsa ba ta natsu da shiga irin wannan wuri ba, ya tambayi malaminsa tun kafin ya biya kuɗin tafiya. Abin da zan iya shaida masa shi ne an fi shekara 1,500 ba a bauta wa komai a ciki ba, kuma yawancin masu gadin wurin da jagororin Musulmi ne.

Kayan da za ka tanada

Tun daga gida, ka nemi bizar Masar a ofishin jakadancinsu, ka kuma riƙe katin allurar zazzaɓin shawara, domin ana iya tambayar duk wanda ya fito daga Najeriya ko Nijar. Daga Alƙahira zuwa Luksor kamar awa ɗaya ce a jirgin sama, a jirgin ƙasa kuwa kwana ake yi a hanya. Daga Oktoba zuwa Afrilu aka fi jin daɗin tafiyar. Da bazara zafin kudancin Masar yana haura digiri 40.

Ranar sauka, ga abin da zai kasance a 'yar jakarka:

- Ƙananan takardun fam na Masar, 'yan 10 da 'yan 20, masu yawa. Ka canza su tun a Luksor ko Aswan. A Edfu da asuba ba mai ba ka canji, ko da yana da shi.
- Katin banki mai aiki a waje. Wuraren tarihi da dama a Masar sun daina karɓar tsabar kuɗi a tagar tikiti. Katin naira ba kullum yake amsawa ba, don haka ka gwada shi a wani kanti tun a Alƙahira.
- Hoton fasfonka a takarda ko a waya. Ainihin fasfon ya zauna a jirgi.
- Katin ɗalibi, in kai ɗalibi ne. Ana rage wa ɗalibai kuɗin shiga, amma sai katin yana da hoto kuma wa'adinsa bai ƙare ba.
- Takalmi sau-ciki mai riƙe ƙafa. Daɓen dutse ne da ƙafafu suka goge shi ya yi santsi, ga ramuka nan da can. Silifa ba ta yi.
- Gorar ruwa ta kanti, hula ko malafa, da tabarau.
- Rigar sanyi in Disamba ne ko Janairu. Asubar bakin Nilu tana da sanyi ƙwarai, amma kafin ƙarfe goma za ka tuɓe ta.
- 'Yar tocila. Fitilar waya ma ta isa, in dai ka cika cajin.
- Tishu da 'yan canji na mai kula da ban ɗaki.

Kada ka zo da jirgin nan marar matuƙi na ɗaukar hoto. Shigo da shi Masar ba izini laifi ne, tun a filin jirgi za a ƙwace.

1. Ka gama tambayoyinka tun da daddare

Bayan cin abincin dare akan manna jadawalin gobe a wajen masu karɓar baƙi. Ka ɗauki hotonsa, amma kada ka tsaya a nan. Ka sami jagoranka ka tambaye shi abu huɗu: ƙarfe nawa za a fita, ƙarfe nawa jirgi zai tashi, tikitin haikali yana cikin kuɗin da ka biya ko babu, kuma wa zai biya keken doki. Ta ƙarshen nan ita ce ke hana rigima gobe.

Dalilin da ya sa jadawali ke sauyawa shi ne ƙofar ruwa ta Esna, wadda ke tsakanin Luksor da Edfu. Akwai madatsa a wurin, sai jirgi ya shiga wani kwarami an rufe, an ɗaga ruwa ko an sauke shi, sannan ya wuce. Jirage layi suke bi, kuma in layin ya yi tsawo, abin da aka ce za a yi ƙarfe shida na safe yana iya komawa bayan azahar. Yayin jiran ne masu ƙananan kwale-kwale ke matsowa suna jefo jallabiya da mayafin tebur cikin leda har saman jirgi. In ba ka so, ka mayar cikin ledar ka jefa musu. In ka buɗe kana juyawa, ciniki ya fara ke nan.

In da sassafe za a fita, ka yi sallar asuba ka shirya gaba ɗaya kafin a buga ƙofa. Alƙibla a wannan yanki tana gabas maso kudu, amma jirgi yana juyawa da dare, gara ka tambayi ma'aikatan jirgin, su ma salla suke yi.

2. Fita daga jirgi

A Edfu jirage ba sa samun gaɓa kowa da tasa. Jerawa suke yi gefe da gefe, wani lokaci huɗu ko biyar, sai ka ratsa ta falon wasu jiragen kafin ka taka ƙasa. A bakin ƙofa za a miƙa maka wani ɗan kati mai sunan jirginku. Da shi suke ƙirga wanda ya fita da wanda ya dawo. Ka adana shi, ka kuma ɗauki hoton sunan jirgin da lambar wayar masu karɓar baƙi.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne mutum ya haddace wurin da jirgin yake, bai haddace sunansa ba. Kafin ka dawo sun sauya jeri, na bakin gaɓa ya koma can ciki, kuma falonsu duk kama da juna suke yi.

3. Keken doki

Daga bakin kogi zuwa haikali tafiyar minti goma ce zuwa sha biyar ta cikin gari, kuma al'adar Edfu keken doki ake hawa, wanda suke kira hantur. Kowane keke yana da lamba a jikinsa. Ka ɗauki hoton lambar da fuskar mai keken, da izininsa, domin shi zai jira ka ya dawo da kai, kuma a filin ajiye kekuna za ka tarar da su rututu.

In jagora ya riga ya biya, abin da ya rage maka tukuici ne, wanda su ke kira bakshish. Sai kun dawo bakin jirgi za ka ba da shi, ba a tafiya ba. A hanya mai keken zai ce ka ƙara na abincin doki, zai ce ka zo gaba ka riƙe linzami a ɗauke ka hoto, hoton ma da kuɗinsa. Ka yi murmushi ka ce "ba'aden", wato sai an jima. In kai za ka biya da kanka, ku yanke kuɗin zuwa da dawowa tun kana ƙasa, ka tabbatar fam na Masar ake nufi ba na Ingila ba, kuma na keken ne gaba ɗaya ba na kowane mutum ba.

Ka dubi dokin kafin ka hau. Wasu suna da kyan gani, wasu kuwa ƙashin haƙarƙarinsu a waje, ga gyambo a inda ɗamara ke gogawa. Ni ba na hawa irin waɗannan, kuma ina ce wa mai keke kada ya yi sukuwa, kada ya yi bulala. Wanda ba ya son doki sam, ya gaya wa jagora tun daren jiya a nema masa keke mai ƙafa uku ko mota. Akwai su a garin, sai dai ba a cika samunsu nan take a bakin jirgi ba.

4. Rumfunan 'yan kasuwa da tagar tikiti

Tsakanin inda aka sauke ka da ƙofar shiga akwai jerin rumfuna, kuma dole ta nan za ka bi. Wajen shiga kada ka tsaya ko kaɗan. Kada ka karɓi abin da aka ɗora maka a kafaɗa da sunan kyauta, kada kuma ka ce "in na fito zan saya", domin zai riƙe fuskarka ya tare ka. "La, shukran", wato a'a na gode, ta isa, kana faɗa kana tafiya. Wanda ya yi karatun Larabci zai ji daɗi a nan: ko da yake Larabcin mutanen kudancin Masar ya sha bamban da na littafi, suna gane ka sarai, kuma fuska takan sake da zarar ka yi sallama.

Bayan tikiti akwai na'urar duba jaka. Ɗaukar hoto da waya kyauta ne. Babbar kyamara mai sanda kuwa, ka tambayi ƙa'idarta a taga kafin ka wuce.

5. Gaban babbar ƙofa: minti biyar, kada ka wuce haka

Za ka fara wuce wani ƙaramin gini mai ginshiƙai, wanda aka keɓe don bikin haihuwar ɗan abin bautarsu. Ka bar shi sai ka fito. Gabanka ga makekiyar ƙofa mai hasumiya biyu, tsayinta ya kai mita 36.

Abin da ya kamata ka sani kaɗan ne. An fara ginin a shekara ta 237 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), zamanin sarki Batlamus na Uku, aka gama a ta 57 zamanin Batlamus na Goma Sha Biyu, mahaifin sarauniya Kiliyobatra. Shekara 180 ke nan ana aiki. Waɗannan sarakuna asalinsu Girkawan Makidoniya ne, zuriyar ɗaya daga cikin janar-janar ɗin Iskandar Mai Girma, amma sun yi gini irin na fir'aunoni don talakawa da limaman ƙasar su karɓe su. Don haka in ka ji wani a ayari yana cewa ga gidan Fir'aunan Annabi Musa (AS), ba haka ba ne, wannan gini ya zo can baya. An gina shi ne don Horus, wanda suke zanawa da kan shaho. Abin da ya tsare shi kuma yashi ne da ƙasa, waɗanda suka binne shi har mutanen gari suka yi gidaje a kan rufinsa, sai a 1860 Bafaranshen nan Auguste Mariette ya fara tone shi.

A jikin hasumiyoyin za ka ga sarki ya damƙe gashin abokan gaba ya ɗaga kulki a gaban Horus. Dogayen ramukan nan huɗu na tsaye, wurin kafa sandunan tuta ne. Nan ne kowa ke tsayawa hoto, nan ne kuma rabin lokacin mutane ke ƙarewa. Ka wuce. Ƙofar ba inda za ta, kuma lokacin fitarka filin ya fi sarari.

6. Daga tsakar gida zuwa ƙurya

Ka ɗauki ginin kamar fadar sarki: fili na kowa, zaure na masu matsayi, wani zauren na na-jiki, sannan ƙuryar da mai gida yake. Kana ƙara shiga, daɓe yana ɗagawa, rufi yana saukowa, haske yana raguwa. Da gangan aka yi haka. Haikalin yana fuskantar kudu, saboda haka in kana shiga, hagunka yamma ne, damanka gabas.

A tsakar gidan, mai ginshiƙai 32 a gefuna, ka yi abin da mutane ba sa yi: ka juya ka dubi bayan ƙofar da ka shigo, can ƙasa-ƙasa. Akwai zanen jerin jiragen ruwa. Bikin shekara-shekara ne da ake ɗauko gunkin Hator, wadda suke ɗauka matar Horus ce, daga haikalinta na Dandara, arewa da Luksor, a kawo ta Edfu ta kogi wajen Horus. In daga Luksor kuka taso, hanyar da jirginku ya biyo ita suka biyo. Ka ɗaga kai kuma ka dubi kawunan ginshiƙan, za ka ga ba iri ɗaya ba ne, wasu ganyen dabino, wasu furanni.

A bakin zauren farko ga shahon baƙin dutse sanye da kambin sarautar Masar ta kudu da ta arewa. Layin hoto ake yi a gabansa. Shi ma sai ka fito.

Cikin zauren, ka kunna tocila. Akwai 'yan ɗakuna biyu a manne da bangon gaba: na hagu inda ake tsarkake liman kafin ya shiga, na dama ɗakin ajiye littattafai, an sassaƙa sunayen littattafan a bangonsa. Rufin ya yi baƙi ƙirin da hayaƙin wutar da aka riƙa hurawa a ciki bayan an daina bauta. Za ka kuma ga an farfasa fuskoki da hannaye da yawa da kurfi. Wannan ya biyo bayan hana bautar gumaka a daular Rum a shekara ta 391, lokacin da Masar ta koma Kiristanci.

A zaure na biyu ka nemi ɗan ɗakin da ke hagu, can ciki. Ni dai a duk haikalin shi na fi so. Bangonsa cike yake da rubutun yadda ake haɗa turare da man shafawa na bauta, da kayan haɗin da yadda ake sarrafa su. Ɗakin ƙarami ne, ba ya ɗaukar ayari, shi ya sa jagorori da yawa ke nuna ƙofarsa da yatsa su wuce.

Ƙuryar ba a shiga, daga bakin ƙofa ake leƙawa, kuma nan cunkoso ya fi tsanani. Akwai wani akwatin dutse mai sheƙi, wanda aka fafe daga dutse guda, inda ake ajiye gunkin. Ya girmi ginin kansa, domin na zamanin Nektanebo na Biyu ne, ɗan ƙasa na ƙarshe da ya mulki tsohuwar Masar. Ƙaramin jirgin katakon da ke gabansa kwaikwayo ne na zamani. In ka tarar da turmutsutsu, ka zaga ta lungun da ya kewaye ƙuryar ka duba ƙananan ɗakunan, ka dawo bayan minti biyar. Ayari zuwa suke yi su wuce. A ɓangaren dama akwai ɗan buɗaɗɗen fili da ɗakin bikin sabuwar shekara, a rufinsa an zana sama da siffar mace.

Game da rubutun bango, abu biyu sun ishe ka. Duk inda ka ga an kewaye wasu alamomi da dogon zobe, sunan sarki ne. Kuma tsuntsaye da mutanen da ke cikin rubutu suna fuskantar farkon layi ne, ta can ake fara karantawa.

Kada ka taɓa bango, kada ka jingina. Ragowar fentin da ke wasu wurare maiƙon hannu yana cinye shi. In mai gadi ya yafito ka ya nuna maka wani lungu, bakshish yake jira. Ba laifi in kana so, takarda ɗaya ƙarama ta isa. Amma in ya ɗaga igiya ya ce ka tsallaka inda aka hana, ka ƙi.

7. Lungun waje, inda ya kamata ka kashe sauran lokacinka

Tsakanin haikalin da katangarsa akwai dogon lungu marar rufi wanda ya kewaye shi. Jagora yakan ce "kuna da minti ashirin" ya koma inuwa, mutane su ruga wajen shaho. Kai ka nufi lungun yamma. A jikin katangar an sassaƙa labarin yaƙin Horus da Set, ƙanen ubansa wanda ya kashe masa uba. Horus yana tsaye a jirgi da mashi, Set kuma an mai da shi dorina. Ka bi zanen ɗaya bayan ɗaya, ka lura da yadda aka yi dorinar 'yar mitsitsiya a ƙarƙashin jirgin. Sun yi imani zane yana da ƙarfi, don haka ba sa girmama mugu a bango. Masana da dama na ganin wasa ne da limamai ke gabatarwa duk shekara, rubutun da ke gefe kuma maganganun 'yan wasan ne.

Ka zaga ta baya ka fito gabas. A nan akwai matakala da ta nutse cikin ƙasa, ma'aunin cikar Nilu. Da shi ake gane ko shekara za ta yi albarka, a kuma yanka haraji gwargwadon haka. Yanzu kogin ba ya ambaliya a nan, tun da aka gama babbar madatsar Aswan a 1970.

Daga nan sai hotunanka: shaho, tsakar gida, babbar ƙofa, da ƙaramin ginin da ka bari a waje.

8. Komawa

Ka bar haikalin saura aƙalla minti arba'in jirgi ya tashi. In za ka yi sayayya, yanzu ne, kuma farashin farko da za a faɗa maka ninkin-ba-ninkin ne. Ka duba canjinka da kyau: akwai takardar rabin fam mai ɗauke da lamba 50, wadda baƙo kan ɗauka fam 50 ce. Duk wanda ya ce zai sayar maka da kayan tarihi na gaske, ko dai jabu ne, ko kuma yana ja maka ɗauri, domin dokar Masar ta 1983 ta haramta cinikinsu. Ko tsakuwa kada ka tsinta a harabar.

Ka nemi kekenka da lambarsa, ka sallami mai shi a bakin kogi, ka mayar da katin jirgi. Galibi za a tarbe ka da tawul mai sanyi da ruwan lemon tsami ko karkade, wanda zoɓo ne. In ka makara jirgi ya tashi, kada ka ruɗe. Ka kira lambar da ka ɗauka, ka sami 'yan sandan yawon buɗe ido da ke wurin, ka ɗauki mota ka tare shi a zango na gaba. Kuɗi ne zai yi ciwo.

In wani abu ya rasa

In ba ka da jagora, ka bi tsarin nan yadda na jera shi, zai fisshe ka. Kana iya ɗaukar ɗaya a bakin ƙofa, amma ka nemi ganin katin lasisinsa, ku kuma yanke kuɗi da yaren da zai yi, Turanci ko Faransanci ko Larabci.

In kana tare da tsoho ko mai ciwon gwiwa, hawa keken doki ne wahalar, don tudu gare shi. A nema masa mota. Cikin haikalin kusan shimfiɗe yake, sai 'yan tudun ƙofa.

In jinkirin Esna ya sa an soke Edfu, ko kuwa an tsaya a Esna ɗin, ka nemi a kai ka haikalin Khnum, wani abin bautar tasu, da ke tsakiyar kasuwar garin, cikin rami mai zurfin kusan mita 9. Zaure ɗaya ne kawai, amma tun 2018 masana daga Masar da Jamus suke goge baƙin da ya rufe shi, launukan asali sun fito.

Kom Ombo kuwa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, domin a bakin ruwa yake, da ƙafa ake hawa daga jirgi, kuma yawanci da yamma ake zuwa. Haikalin tagwaye ne, dama na Sobek mai kan kada, hagu na Horus Babba, kowanne da ƙofarsa da ƙuryarsa. Ka zarce bangon baya ka nemi zanen da ake cewa kayan aikin likita ne, ka leƙa rijiyar auna ruwa, sannan ka bar minti goma na ƙaramin gidan tarihin da ke hanyar fita, inda aka jera gawawwakin kadoji da aka busar. Ka riƙe tikitinka a hannu har ka fito daga can, ana iya tambayarsa a ƙofar.